Kada A Kwana Da Shi: Abin Da Ya Sauya A Jinyar Gaggawa

Wanda ya daɗe bai yi jinyar ɗan'uwa a asibiti ba, idan ya zo yanzu zai ga abubuwan da bai saba gani ba. Yaro mai zazzaɓi mai tsanani ba a rataya masa ruwan kinin na awoyi kamar da. Wanda maciji ya sara, ma'aikaci zai kwance igiyar da aka ɗaure masa ƙafa da ita a gona. Uwa ta roƙi a ƙara wa ɗanta ruwa da sauri, likita ya ce a'a. Sau da yawa 'yan'uwa kan koma gida suna cewa an yi musu rowar magani, ko kuwa likitocin yanzu ba su kai na da ba.

Kowanne daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da dalili. A yawancinsu an gwada tsohuwar hanya da sabuwa a kan dubban marasa lafiya, mafi yawansu a ƙasashen Afirka, aka ƙirga waɗanda suka rayu, sannan aka sauya. Wannan ɗan littafi zai bi ta kan abubuwa huɗu da suka fi kawo mutane cikin gaggawa daga ƙauyukan Borgou da Donga zuwa asibitocin Parakou da Djougou: zazzaɓin yara, zubar jini bayan haihuwa, saran maciji, da haɗarin babur. A cikin kowanne za a faɗi abin da asibiti ke yi yanzu, da abin da ya rage a hannunku kafin ku iso.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani

Daga watan Yuli zuwa Nuwamba, gadajen yara a arewacin Benin kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Shekaru da yawa maganin mai tsanani shi ne kinin, ana zuba shi cikin ruwan ƙari yana ɗiga a hankali, sau uku a rana. Kinin ya ceci rayuka masu yawa, amma yana da wuyar sha'ani: yakan saukar da sukarin jini, kuma idan ya shiga da sauri yakan taɓa zuciya.

A shekarar 2010 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da asibitin Ilorin a Nijeriya. An ba rabinsu kinin, rabi kuma allurar atesunet. Cikin kowane yara 100 da suka sami kinin, kusan 11 suka rasu. Cikin 100 da suka sami atesunet, ba su kai 9 ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce atesunet ne maganin farko ga manya da yara.

Ana yin allurar da zarar an kwantar da yaro, a sake bayan awa 12, a sake bayan awa 24. Sau da yawa kashegari yaro ya buɗe ido, ya nemi nono ko koko. A nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure, su ɗauke shi su tafi gida. Allurar ba ta gama kashe ƙwayar cutar ba. Dole ya biyo da ƙwayoyin sha na kwana uku, waɗanda ake kira CTA, ya shanye su duka. Akwai kuma abu ɗaya da aka gano daga baya: wasu daga cikin waɗanda aka yi wa atesunet jininsu kan ragu bayan mako ɗaya zuwa uku da sallama. Idan kun ga tafin hannun yaro ya yi fari, ko idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, ku dawo da shi a auna jininsa.

Ga ƙauyukan da ke nesa da asibiti an samar da atesunet na matsi, wanda ake sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ta dubura, idan ba ya iya shan magani. Aikinsa shi ne ya riƙe yaron har a kai shi asibiti. Bincike ya nuna cewa inda aka sa shi aka zauna a gida don an ga sauƙi, yara sun ci gaba da mutuwa. Don haka idan ma'aikacin lafiya na ƙauyenku ya sa wa yaro wannan magani, ku kama hanya a ranar.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amai da duk abin da ya ci, ya yi jijjiga, barci ya rinjaye shi har ba ya farkawa sosai, numfashinsa ya yi sauri ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. Idan yana jijjiga, ku kwantar da shi a kan gefensa. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa jiƙo ko man ja, kada a kanga ƙafafunsa a wuta. Abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya. Idan tafiya da nisa kuma yaron ya galabaita, za ku iya jiƙa ɗan sukari kaɗan ku shafa masa a ƙarƙashin harshe, domin ƙarancin sukari na cikin abubuwan da ke kashe irin waɗannan yara a hanya.

Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Tun 2010 ƙa'ida ita ce a gwada jini kafin a ba da magani, kuma gwajin yatsa ba ya wuce minti 20. Idan gwaji ya nuna babu, sai a nemi wani dalili: ciwon huhu, ciwon kunne, taifot, sanƙarau. Ku tuna kuma cewa zazzaɓin Lassa ya ɓulla a Tanguiéta a 2014, ya sake ɓulla a yankin Tchaourou a 2016, inda ya kashe har da ma'aikatan lafiya. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro bayan kwana biyu ko uku, musamman ga wanda ya dawo daga aikin gona a Nijeriya, a kawo shi kuma a faɗa wa ma'aikaci inda ya fito.

Me ya sa ba a ƙara ruwa da sauri?

Mutanenmu suna son ƙarin ruwa. Wasu ba sa jin an yi musu magani sai sun ga leda a rataye. A da likitoci ma sun ɗauka cewa yaro mai zazzaɓi da ya galabaita, a zuba masa ruwa da yawa cikin sauri shi ne daidai. A 2011 wani gwaji a kan yara fiye da 3,000 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya nuna akasin haka: waɗanda aka zuba wa ruwa da sauri sun fi mutuwa a kan waɗanda aka ba a hankali. Abin ya ba likitocin da suka yi gwajin kansu mamaki. Daga nan aka sauya ƙa'ida. Yanzu ruwa mai sauri na wanda ya bushe ne saboda gudawa, ko wanda ya zubar da jini. Mai zazzaɓi kuwa ana auna masa ruwan daidai nauyinsa. Idan kun ga ledar ɗanku tana ɗiga a hankali, kada ku taɓa makullin.

Ga gudawa, maganin farko yana gida. Tun 2004 aka ƙara ƙwayar zinki a kan ruwan gishiri da sukari, kuma a kantunan magani na Benin ana samun su haɗe da sunan Orasel-Zinc. Ruwan yana mayar da abin da jiki ya rasa, zinki kuma yana rage kwanakin gudawar, ya kare yaro daga sake kamuwa na wasu watanni. Ana shan zinki kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. A ci gaba da ba da nono da abinci. Kafso da ake saya a kasuwa ba ya tsayar da gudawar yara, sai dai ya ɓata kuɗi ya ɓata lokaci.

Ga tari kuwa, ku koyi ƙirga numfashi na minti ɗaya yayin da yaro yake kwance shiru. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye alama ce ta ciwon huhu. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. A asibiti za ku ga an maƙala wa yaro wata 'yar na'ura a yatsa. Tana auna iskar da ke cikin jini. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 90, yaron yana bukatar oksijin. Robar da ake sa wa a hanci ba alamar mutuwa ta zo ba ce, kamar yadda wasu ke faɗa. Magani ce kamar allura, kuma yaran da aka bar musu ita sun fi tashi.

Rigakafi biyu da suka shigo

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya sau ɗaya kowane wata a lokacin damina, a ƙasashen da zazzaɓi ke zuwa da ruwan sama. Benin ta fara a 2019 daga yankunan arewa, ana kiran shirin CPS. Masu rabawa suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Waɗannan kwana biyun su ne ake yawan mantawa, kuma in babu su kariyar ba ta cika.

Na biyu shi ne allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. An fara gwada ta a kan yara a Gana, Kenya da Malawi daga 2019, inda mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100. Benin ta shigar da ita cikin rigakafin yara ranar 25 ga Afrilu 2024. Sau huɗu ake yi, ana farawa yaro yana wajen wata shida, ta huɗun kuma tana zuwa a shekararsa ta biyu. Ku tambaya a asibitin da kuke kai awon yara, ku riƙe katin. Allurar tana rage tsananin cutar, amma yaron da aka yi wa zai iya kamuwa. Gidan sauro yana nan a matsayinsa, kuma zazzaɓi idan ya zo a gwada jini.

Zubar jini bayan haihuwa

Wannan shi ne abin da ya fi kashe mata wajen haihuwa a duniya, kuma yana iya gama mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. Yawanci mahaifa ce ke kasa tsukewa bayan mabiyiya ta fita. Wani lokaci guntun mabiyiya ne ya rage, ko kuwa an sami yagewa.

Abu biyu sun sauya. Na farko wata allura ce mai arha, tiranekzamik, wadda ke hana jinin da ya daskare sake narkewa. A 2017 aka bayyana gwajin da aka yi a kan mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, da yawansu daga asibitocin Nijeriya. Matan da aka yi wa allurar cikin awa uku da haihuwa, mutuwarsu ta zubar jini ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda aka yi wa bayan awa uku ba ta amfane su ba. Ku riƙe wannan lamba. Matar da ta haihu a gida bayan magariba, aka yi ta jira ko jinin zai tsaya har tsakar dare, sannan aka fara neman babur, ta riga ta rasa amfanin wannan allura tun kafin ta bar ƙauye.

Na biyu shi ne auna jinin. Ido yana ruɗi: ko gwanar ungozoma takan ɗauka jinin bai kai yadda ya kai ba, domin zane da katifa suna shanye shi. A 2023 aka kammala gwaji a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai aljihu da ma'auni. Da zarar jini ya kai rabin lita, sai a yi komai lokaci guda: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin, a yi tiranekzamik, a sa ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. A da akan gwada ɗaya, a jira, in bai yi ba a gwada na gaba. Da wannan sabuwar hanya, zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Duk waɗannan ba a yin su a ɗaki. Shi ya sa haihuwa a asibiti ta fi, ko ga wadda ta haifi shida lafiya a gida. Hasali ma mai yawan haihuwa ta fi shiga haɗari, domin mahaifarta ta gaji. Idan haihuwa ta zo a gida ba shiri, jini kuma ya jiƙa zane yana ci gaba, ko mai jego ta ce tana jin jiri, ko ta yi sanyi tana gumi, to a sa jariri a nono, wata ta ɗora hannu ƙasan cibiya ta murza har mahaifa ta yi tauri, a kwantar da ita a rufe ta, a tafi. Kada a ja cibiya don fitar da mabiyiya. Kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Ya kamata kowane magidanci ya faɗa a gaban iyalinsa tun ciki yana ƙarami cewa in abu ya taso a tafi, izininsa yana nan.

Awon ciki ma ya sauya. Tun 2016 shawarar ita ce a je sau takwas maimakon huɗu. A nan ake gano ƙarancin jini da hawan jini, a ba da ƙwayar ƙarin jini, a ba da maganin kariya daga zazzaɓin sauro daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Mace mai isasshen jini za ta iya jure abin da zai kayar da mai ƙarancinsa. Game da tsoron kuɗin aiki, tun 2009 gwamnatin Benin ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa a asibitocin da ta amince da su. Abin da gwamnati ba za ta iya bayarwa ba shi ne jini. Jinin da ake ƙara wa matanmu daga jikin mutane yake fitowa, kuma namiji mai lafiya da ya ba da leda ɗaya jikinsa yana mayar da ita cikin 'yan makonni.

Saran maciji

Lokacin share gona, lokacin tonon doya da lokacin girbin auduga su ne lokutan saran maciji a yankinmu. Wanda ya fi yin ɓarna shi ne kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya tafiya da ƙafarsa a ranar farko, ya ce kumburi ne kawai. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita daga dasashi, ko cikin fitsari, ko daga tsohon rauni, wani lokaci a cikin kai inda ba a gani.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta sa burin rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030. Ƙa'idar taimakon farko ta yanzu ta soke abubuwa da yawa da aka saba. Ɗaure ƙafa da igiya ko roba ba ya tsare dafi, yana tsare jini ne, kuma ƙafafu da yawa an yanke su saboda ɗaurin. Tsaga wurin da reza ga wanda kububuwa ta sara buɗe ƙofa ce ga jinin da ba zai tsaya ba. Tsotsa ba ta fitar da komai. Baƙin dutse, wanda aka daɗe ana rabawa a ƙasar nan har a wasu asibitoci, an gwada shi an ga ba ya janye dafi. Yawancin waɗanda aka ce dutse ko jiƙo ya warkar, macijin ne bai zuba dafi ba, ko kuwa ba mai dafi ba ne.

Abin yi kaɗan ne. A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, munduwa da takalmi kafin kumburi. A ɗora ƙafar ko hannun a kan sanda a naɗe da zane sako-sako don kada ya motsa. A ɗauke shi, kada ya taka. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. Don ciwo a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin, ibufurofen da dikulofenak, domin suna ƙara zubar jini. Idan kumurci ne ya tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take sannan a taho.

A asibiti za a ɗebi ɗan jini a zuba cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini, kuma maganinsa ɗaya ne: allurar kashe dafi. Ana sake gwajin bayan awa shida, in jinin bai gyaru ba a ƙara. Yaro da babba adadi ɗaya ake ba su, domin maciji bai rage dafi don yaro ne ba. Ko an yi kwana uku a gida, muddin jini yana fita, allurar tana aiki, don haka kada kunyar an makara ta hana ku zuwa. Allurar tana da tsada, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye ta ba. Ku tambaya tun kafin damina wane asibiti mafi kusa da ku ke da ita. Takalmin roba mai tsawo a gona, tocila da dare, da kwana cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, duk sun fi allurar arha.

Haɗarin babur da ƙuna

Djougou, wadda fataken goro na da suke kira Zugu a hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja, har yau mahaɗar hanyoyi ce. Haka Parakou, inda manyan motoci ke bi zuwa Malanville. Inda jakuna suka bi da, yanzu babura ne da tirela, kuma raunin kai shi ne ke kashe 'yan zemijan da fasinjojinsu. Hular kwano da aka ɗaure igiyarta a haɓa ita ce kariya. Wadda aka ɗora don tsoron ɗan sanda ba a ɗaure ba, tana tashi kafin kai ya kai ƙasa.

Idan kun iske wanda ya yi haɗari, abu na farko shi ne jini. Ku ninka zane mai tsabta ku danne raunin da ƙarfi, kada ku ɗaga don dubawa. In ya jiƙe ku ɗora wani a kai. Kada a zuba ƙasa, toka, man birki ko garin magani. Kada a ɗaga shi zaune, kada a ba shi ruwa ko da ya roƙa, domin wataƙila za a yi masa aiki. Idan za a ɗauke shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya su tafi daidai da jiki. A cikin gari ana kiran 'yan kwana-kwana a lamba 118. Allurar tiranekzamik da aka ambata ga masu haihuwa tana aiki a nan ma, kuma sharaɗin ɗaya ne: cikin awa uku. Wanda ya bugu a kai ya tashi yana magana, sannan daga baya ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, a kawo shi ko da tsakar dare ne.

Ga ƙuna ta wuta, ruwan zafi ko man fetur, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, sannan a rufe da zane mai tsabta. Ban da ƙanƙara, ɗanyen ƙwai, man goge baki da man ja. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu ko al'aura, ta asibiti ce.

Shirin da za a yi tun yau

A Parakou akwai babban asibitin koyarwa na Borgou da Alibori, akwai asibitin Boko a kan hanyar arewa, akwai na Bembèrèkè da na Papané. A Djougou akwai asibitin Ordre de Malte da asibitin jihar Donga. Magungunan da aka ambata a nan yawancinsu ba masu tsada ba ne, kuma ma'aikata sun san su. Abin da ke sa su kasa aiki shi ne awoyin da ake ɓatawa tsakanin gida da ƙofar asibiti: awa ɗaya ana shawara, awa biyu wajen mai magani, awa ɗaya ana neman mai babur, wata ana neman rance.

Waɗannan awoyi ana iya rage su tun lafiya lau. Kowace unguwa da kowace ruga ta san mai babur ko mai mota biyu da za a iya tashe su da dare, a rubuta lambobinsu a bango. Ƙungiyar mata, 'yan adashi, jama'ar coci ko ta masallaci su ware ɗan kuɗi a hannun amintacce don mai da kuɗin farko, a biya daga baya. A san mutum uku ko huɗu masu lafiya da suka yarda su bi mai haihuwa don ba da jini. Katin awo da katin rigakafi su zauna wuri ɗaya da kowa ya sani. Idan kun iso, ku faɗa wa ma'aikaci gaskiyar lokacin da abin ya fara da duk abin da aka ba mara lafiya, na kanti ko na gargajiya. Ba don a yi muku faɗa ake tambaya ba, maganin da za a zaɓa ya dogara ne a kan amsar.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman kakanni da surukai, domin sau da yawa su ne ke yanke shawarar a tafi ko a jira gari ya waye. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye masu lafiya.